Shekarar da Mama Tabita Ta Yi Kirsimeti a Alƙahira

A kasuwar Ataba ta Alƙahira, in ka ce kana neman Isiyaku, ba wanda zai gane wa kake nufi. Sai ka ce Ustaz Ishaq, dogon nan ɗan Nijeriya mai yi wa fatake tafinta, nan da nan za a nuna maka lungun da ya shiga. Isiyaku sunan gida ne, kuma yanzu mutum ɗaya ce ke kiransa da shi har ta ja ƙarshensa: mahaifiyarsa, Mama Tabita, can a Zuru.

Gidan da ya tashi irin gidajen nan ne da ba a mamakinsu a ƙasar Zuru. Mahaifinsa, Saje Garba, tsohon soja ne, Musulmi, wanda ba ya wasa da sallar asuba a jam'i. Mahaifiyarsa kuwa Kirista ce, ita ke buga tulu a zumuntar mata ta cocinsu. 'Ya'yansu huɗu, biyu suka bi uwa, biyu suka bi uba, ba wanda aka tilasta wa, ba a kuma taɓa raba tukunya ba. In babbar sallah ta zo, Mama Tabita ce ke tsayuwa kan suyar rago har hayaƙi ya sa ta hawaye. In Kirsimeti ya zo, Saje ne ke fitowa da sassafe da wuƙarsa, ya kwantar da tauren da Mama ta shekara tana kiwo, ya fuskantar da shi gabas, ya yanka da sunan Allah, don kowa a unguwa ya ci hankali kwance. Ranar, duk wanda ke aiki a Kaduna ko Kontagora ko Legas ya riga ya iso, tabarmi har zaure, yara kuma ba su da aiki sai kai kwanuka gida-gida.

Ishaq na da shekara goma sha shida Saje ya rasu. Kirsimetin da ya biyo baya Mama ba ta yi wani jawabi ba, ta dai miƙa masa wuƙar uban a cikin kubenta ta koma madafa. Ya karɓa ya yi yankan. Daga nan aikin ya zama nasa, shekara bakwai a jere, har ya samu gurbin karatun Larabci a Azhar ya taho Masar.

Ya san zai yi kewar gida ranar sallah, ya kuwa yi, amma ranar sallah yana da abokan kewa. Ɗalibai kan taru a ɗakin wani, a dafa shinkafa, a yi ta hirar Kano da Gusau har a ware. Abin da bai shirya masa ba shi ne ashirin da biyar ga Disamba. Ya tashi ya tarar da gari kamar kullum: motoci na ta hon, mai burodi ya wuce a keke da tulin burodi a ka, malamin nahawu ya shigo aji ya ɗora daga inda ya tsaya jiya. Da aka tashi ya fita bakin titi ya kira gida. Ta bayan muryar Mama yana jin ƙarar turmi, da dariyar yara, da yayarsa Rahila tana faɗa a kawo ruwa.

"Isiyakuu, lafiya kake? To, madalla. Hannuna duk mai ne, baƙi sun cika gida. Sai anjima."

Ta kashe.

Bai iya gaya wa kowa ba. Ta ina zai fara yi wa abokin ɗakinsa, ɗan Sakkwato mai kwana kan hadda, bayanin cewa Kirsimeti ne ya sa shi zugum? Ya sayi burodi da soyayyar hanta wajen mai kura, ya hau gada ya ci yana kallon kogin Nilu. Haka ya riƙa yi duk shekara har abin ya zame masa al'ada. Kiran kuwa bai taɓa wuce minti ɗaya ba. A ransa ya yanke cewa gida ya cika ba shi, ladanin unguwa na yi musu yankan, ba abin da ya ragu.

Da ya gama karatu bai koma ba. Larabcinsa ya nuna, na littafi da na titi, fatake kuma daga Kano da Maraɗi da Yamai na buƙatar mai shige musu gaba a Ataba, wanda ya san shagon da abayarsa ba ta zuba, ya san mai ɗaurin kaya na gaskiya. Daga fatake aka fara haɗa shi da marasa lafiya masu zuwa ganin likita. Ya iya zama da mutum a layin asibiti awa uku bai ƙosa ba. Ya iya kuma juya maganar likita zuwa Hausa yadda ba za ta firgita mai ciwo ba, ba ta kuma zama ƙarya ba. A shekara goma sha biyu sau biyu ya je gida, duka biyun da damina. Da yana ɗalibi, Disamba bakin jarrabawa ne. Da ya fara aiki, lokacin cikar kasuwa ne.

A unguwar Ard al-Liwa ya yi aure. Matarsa, Mahasin, Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun bar Haɗeja a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi kusa da Sinnar, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, cakuɗe da Larabcin Sudan, kuma ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Lalle da dilka take yi wa amare. 'Yarsu ɗaya, Tasneem, mai shekara biyar, suna zaune a ɗaki biyu da falo a hawa na biyar na wani dogon gida da ba na'urar hawa.

A watan Oktoban bara Rahila ta kira shi ta ce idon Mama ya ci ƙarfinta. Yanar ido ta rufe duka biyun, har ta daina karanta Littafinta da safe, ta kuma zuba wa baƙo gishiri a kunu. Ishaq ya ce a turo ta. Shekara nawa yana kai iyayen wasu wajen likitan ido, tasa uwar na lalube a tsakar gida? Mama ta yi ta ja, daga baya ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: ashirin ga Disamba ta same ta a hanyar gida. Aka yanka tikiti da wannan ranar.

Ta sauka ƙarshen Nuwamba, da zani biyu a jiki da rigar sanyin marigayi Saje ta soja. Ta hau benen tana riƙe da hannun ɗanta, tana hutawa a kowane hawa, tana tambayar ko a nan mutane ba sa tsufa ne. Mahasin ta tare ta a bakin ƙofa ta durƙusa har ƙasa. Mama ta lalubo fuskarta da hannu biyu, don a waya kawai ta san ta.

"Tashi, 'yata. Ashe doguwa ce ke."

Tasneem ta leƙo ta bayan uwarta ta ce, "Habboba!"

"Wace ce kuma habboba? Kaka za ki ce. Zo nan in ji nauyinki."

Aikin idon farko ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji, Mama ta daɗe tana kallon Ishaq, sannan ta ce ba wanda ya gaya mata furfura ta fito masa a gemu. Aka sa ranar aikin ido na biyu tsakiyar wata. Amma da ranar ta zo aka auna jininta aka ga ya hau, aka sake aunawa bai sauka ba. Likita ya yi dogon bayani yana nuna kalanda. Ishaq ya yi wa ɗaruruwan mutane tafinta a irin wannan ɗaki, amma ranar ya rasa ta inda zai kama maganar.

"Me ya ce?" in ji Mama.

"Ya ce idon farko ya warke ƙwarai, Mama."

"Wannan na gani a fuskarsa. Ya yi magana mai tsawo, kai ka ba ni gajeruwa. Ina sauran?"

Sai ya gaya mata. Za ta sha magani mako biyu, a yi aikin ashirin da takwas ga wata, kuma ba ta hau jirgi sai likita ya sake duba ta a Janairu.

"Ka ce masa ido ɗaya ya ishe ni."

"Mama, ɗayan ma zai rufe gaba ɗaya in aka bar shi."

Likitan ya gane ana gardama, ya dafa ƙirji ya ba ta haƙuri da Larabci ya ce, "Ma'alish, ya Hajja."

"Ka gaya masa ni ba hajiya ba ce," in ji Mama, ta miƙe ta gyara zaninta. Suka kama hanyar gida.

Daga ranar ta yi sanyi. Shekara arba'in, tun da Saje ya bar bariki suka dawo gida, Kirsimeti bai taɓa samunta wajen Zuru ba. Takan ja kujera bakin taga, ta lulluɓe da bargo, da baƙin tabarau na asibiti a fuska, tana kallon tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, na kutsawa cikin lungu. Jefi-jefi ta yi magana, ba da kowa ba. "Yau ake gwajin waƙa." Washegari, "Yau Rahila ke isowa da yara." Abinci sai ta taɓa ta ture. Ishaq ya san wannan shirun ciki da waje, don ya yi shekara goma sha biyu yana yinsa a kan gada. Amma bai san maganinsa ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya dawo daga Ataba da lemo da ayaba ya ajiye mata.

Mahasin ce ta tare shi wata safiya yana sa takalmi.

"Abu Tasneem, wannan Kirsimetin me ake yi a cikinsa? Ba ibadar nake tambaya ba. Gidan."

Ya fara lissafa mata: cincin tun saura kwana uku, zoɓo da kunun zaƙi, shinkafa da miyar da ta ji nama, akuya, sabon kaya ga yara, kwanuka zuwa maƙwabta. Yana faɗa muryarsa na sauyawa, har ya kai ga yadda Mama ke ɓoye cincin a saman rumbu su kuma su hau kafaɗar juna. Mahasin ta tsaya tana kallonsa.

"Shekara bakwai muna tare, ba ka taɓa ba ni wannan labari ba."

"Ban ga ta inda zan fara ba."

"To, wannan ai idi ne. Mun iya idi. Yalla, maza ka taho da fulawa da man suya."

Da la'asar ya hawo benen da kayan a kafaɗa. Ƙofar a buɗe take saboda zafin madafa, don Mahasin ba ta jira shi ba, ta ranto fulawa a maƙwabta ta je ta durƙusa gaban Mama ta ce a koya mata. Ya ji muryoyinsu kafin ya shiga. Mama na zaune a ƙasa da faranti a cinya tana yanka ƙullun ƙanana-ƙanana, Mahasin na suya, tana ba ta labarin tata uwar, wadda yaƙi ya kora daga Sinnar, tana raɓe a ɗakin dangi a garin Gadarif.

"Ta kulle gidan ta rataya makullin a wuya, ta ce kwana goma za ta yi," in ji Mahasin. "Kullum in na kira sai ta tambaye ni wai ko wani na ba bishiyar lemon tsaminta ruwa. Ni da ke Masar take tambaya."

Mama ta ajiye wuƙa. "Ke kuma kina nan kina mini hidima, ina ta kumbura miki fuska kan mako uku."

"Haba, Mama. Kewa ai ba ta ƙirga kwana."

Mahasin ta juya cincin a kasko. Can Mama ta ce, "Mijinki yakan kira ni duk ranar Kirsimeti. In na ji muryarsa sai in ce hannuna da mai. Wane mai? Bayan rumbu nake zagayawa in gama kukana in wanke fuska in dawo. In na daɗe a wayar zai ji, shi kuma yana ƙasar mutane shi kaɗai. Kar ki gaya masa."

Ishaq ya tsaya a bakin ƙofa da fulawa a kafaɗa. Ya sauka hawa ɗaya a hankali, ya zauna kan matakala har numfashinsa ya daidaita, sannan ya sake hawowa yana buga ƙafa da sallama mai ƙarfi.

Ranar jajibere ya ce mata ta shirya za su zaɓo akuya. Ta ce a wannan gari na siminti ina akuya? Suka hau tuk-tuk zuwa wajen Mahir mahauci, wanda ke ɗaure 'yan dabbobi a bayan shagonsa. Mama ta ɗaga tabarau ta ƙura wa awakin idonta mai gani. Dogayen kunnuwa har wuya, hanci a gantsare.

"Isiyaku, wannan akuya ce ko dai an haɗa ta da raƙumi?"

Duk da haka ta shiga cikinsu. Ta shafa gadon bayan wannan, ta buɗe bakin waccan ta duba haƙora, ta ture guda uku, ta tsaya kan wata ja mai farin goshi. Mahir ya ce wa Ishaq da Larabci tsohuwar nan ta fi dillalan kasuwa ido. Ishaq ya fassara mata. Ta ce ya gaya masa da ido ɗaya ma ke nan. Ranar ya fara jin dariyarta tun daga asibiti.

Washegari bayan sallar asuba suka koma. Ishaq ya roƙi Mahir ya ba shi wuƙa. Mahaucin ya yi mamaki, ya dai miƙa. Ishaq ya naɗe hannun riga, ya kwantar da akuyar ya fuskantar da ita alƙibla, Mama na tsaye a bayansa cikin rigar sanyin soja, hannayenta a harɗe. Ya yi bisimilla ya yanka. Da ya ɗago, ta ce, "Hannunka bai manta ba." Sai ta juya kan Mahir tana nuna masa da hannu yadda take so a raba, cinya daban, haƙarƙari daban, kayan ciki kar a zubar da ko hanji ɗaya.

Suka kai naman gida wajen Mahasin, Mama ta ɗaura zanin zumuntarsu da ta taho da shi a ƙasan akwati. Ishaq ya riga ya bincika ya samu wata coci a tsallaken kogi inda baƙi 'yan Afirka ke sujada ranar ashirin da biyar. Ya raka ta har bakin ƙofa, ya damƙa ta hannun wata mai tarbar mutane, ya tsallaka titi ya zauna a shagon shayi. Laraba ce, gari na ta hada-hadarsa, wayarsa na ta ƙara, fatake na nemansa a Ataba. Ya gaya musu yau yana da uzurin gida. Awa biyu ya yi, shayi uku.

Da aka tashi, ba ita kaɗai ta fito ba. Tana tafe tsakanin mata biyu, kowace ta riƙe mata hannu, suna Hausa da ƙarfi kamar a bakin kasuwar Zuru. Zanin ne suka gane tun daga layin baya. Ɗaya 'yar Kagoro ce, ɗaya 'yar Billiri, dukansu aikin gida suke a unguwar Mohandessin, an ba su hutun yini ɗaya ba su da inda za su.

"Ga ɗana, malami ne," in ji Mama. "Isiyaku, tsayar da mota babba. Gida za mu."

Falon bai taɓa ɗaukar mutane haka ba. Mahasin ta yi miyar yadda Mama ta tsara mata, ta ƙara da salatin gyaɗa irin na Sudan da barkono mai lemon tsami. Yayanta Tarig ya zo da lemon kwalba, ya zauna yana ta mamakin Hausar matan nan biyu, su ma suna mamakin tasa. Tasneem na yawo cikin sabuwar riga da cincin a aljihu biyu. Aka kira Zuru ta bidiyo. Mama ta riƙe wayar kusan awa guda, aka zagaya da ita tsakar gida ta ga tukwane, ta ga jikoki, ta yi faɗa an yanka albasa da kauri, ta tambaya ko an kai wa ladan cinyarsa. Ta yi hawaye kaɗan a gaban kowa, ba ta tashi ta ɓuya ba.

Kafin kowa ya ci, sai da ta sa aka zuba kwanuka. Ishaq ya ce mata nan ba a san wannan ba, ta ce yau za a sani. Haka Ustaz Ishaq, da furfurarsa a gemu, ya ɗauki tire yana bin ƙofofi, daga mai gadin gidan a ƙasa har hawa na shida. Kowa ya karɓa da mamaki da addu'a, ban da ƙofar da ke kallon tasu. Ummu Mina, wata tsohuwa Bakibɗiya, Kiristar Masar, mai zama ita kaɗai, ta buɗe ta ga nama, ta dafa ƙirji ta yi ta godiya, ta ce ba za ta iya ci ba. Ishaq ya dawo da kwanon.

Fuskar Mama ta sauya. "Ba ka ce mini Kirista ce ba? Musulmi sun karɓa, ita ta mayar?"

"Azumi take, Mama. Su sai bakwai ga Janairu suke Kirsimeti. Kwana arba'in da uku ba nama, ba madara, ba ƙwai."

"Arba'in da uku?" Mama ta riƙe haɓa. "To, ai ba a gama ba ke nan. Mahasin, ɗebi haƙarƙarin nan ki sa mata a firji."

Ranar ashirin da takwas aka yi aikin ido na biyu lafiya. Bakwai ga Janairu da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Ummu Mina cikin baƙar riga mai kyau, da babban kwano na fatta, shinkafa da burodi da romo da tafarnuwa, ga faranti na kahk, biskit ɗin idinsu, da aka barbaɗe da farin sukari. Mama ta fito mata da haƙarƙarin da aka soya tun da safe. Tsofaffin biyu suka zauna a falo, ba mai jin yaren wata. Ishaq ya matso zai yi aikinsa, Mama ta kore shi da hannu. Suka yini suna nuna wa juna hotunan 'ya'ya a waya. Ɗan Ummu Mina na Kanada, shekara shida bai zo ba. Yadda Mama ta gane wannan, Ishaq bai sani ba, amma da yamma ita ta ba shi labari har da sunan garin.

Bayan kwana biyu Ummu Mina ta ce sai ta kai ƙawarta tsohon garin Alƙahira. Suka shiga jirgin ƙasa na cikin gari su uku. Ta ja su ta wasu ƙananan lunguna zuwa wata tsohuwar coci, ta nuna musu matakala da ke gangarawa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Nan ne, in ji ta, ake cewa Maryamu ta fake da jaririnta lokacin da suka gudo Masar. Wannan karon Mama ta bar Ishaq ya fassara. Ta daɗe tana leƙa wurin da sababbin idanunta.

"Ɗan ƙaramin ɗaki," ta ce. "Ko taga babu. Allah sarki, baiwar Allah. Ko wa ya kai mata abinci?"

Likita ya sallame ta tsakiyar Janairu. Ranar tafiya ta sauka benen da kanta ba ta riƙe kowa ba, tana nuna wa Ishaq duk inda bango ya tsage. Ta bar wa Mahasin turmin atamfa da ta ce a ɗinka, ta bar wa Tasneem kalmomi guda biyar na yarenta Dakarci da yarinyar ke gaishe da mai gadi da su har yau. A filin jirgi Ishaq ya durƙusa ya yi mata sallama. Ta dafa kansa ta yi masa addu'a irin tata, ya ce amin.

"Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ƙasar kakanninta ba," ta ce. "Ka kawo mini su. Ataba ba za ta rushe ba don ka bar ta mako biyu."

Tun watan Maris yake kai da kawo kan takardun Mahasin. Fasfo ɗinta na Sudan ya ƙare, sabuntawa kuwa a irin wannan lokaci sai haƙuri: layi tun safe, a ce a dawo, a dawo a ce saura hoto. Ya gaya wa fatakensa tun yanzu su nemi wani a rabin Disamba na biyu, ya ma haɗa su da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ya yarda da amanarsa. Mahasin ta kai atamfar wajen tela ta ce riga da zani irin na matan Zuru take so. Telan ɗan Darfur ne, bai taɓa ɗinka irinsu ba, sai da aka kira Rahila ta bidiyo ta juya gaba da baya yana zanawa a takarda. Fasfo bai fito ba tukuna. Ranar Lahadi za su sake komawa ofishin jakadancin Sudan.